Yadda Za Ka Zama Gwarzon Mai Sharhin Ƙwallo Ba Tare Da Ka Je Fili Ba

Idan kana da maƙogwaro, kana jin Sifaniyanci, kuma kunya ba ta cika damunka ba, to kakarka ta yanke saƙa. Bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari kafin kakar wasa ta ƙare sai an riƙa nuna ka da yatsa a titunan Melilla, garinmu na Sifaniya da ke gaɓar tekun Maroko. Dalilin nunawar ne kawai ban ɗauki alkawarinsa ba.

Ba ni na ƙirƙiro hanyar ba. Ta Dris Amaruch ce, wanda muke kira Aradu, mutumin da ya yi furfura a kan kujerar sharhi ta ƙaramin gidan rediyonmu yana kawo wasannin ƙungiyar Estrella. Kujerar nan ita ce duk abin da ya mallaka a duniya, don matarsa ma tuni ta gaji da ihu ta koma wurin danginta a Nador. Mai gidan rediyon kuwa, Don Anselmo, yana da 'yar ƙanwa mai suna Nuria, ta karanto aikin jarida a Granada, tana gefe tana jiran ranar da Dris zai yi tuntuɓe. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

1. Fara da ihu, ilimi ya biyo baya in ya ga dama

Hau kan rufin gidanku da hantsi, cika ƙirjinka da iska, ka ja "gooool" har maƙwabta su fito da tsintsiya. Mai sauraro ba ya auna ka da abin da ka sani, da tsawon numfashinka yake auna ka. An ce wata mata ta taɓa ɗora butar shayi lokacin da Dris ya fara nasa, ta sauke ta zuba na'ana'a bai kai ƙarshe ba. Ranar da ya suma a tsakiyar ihu, sai da aka yayyafa masa ruwa, ita ce ranar da sunansa ya zagaye gari. In ka ji jiri, to ka kusa.

2. Ka riga kowa sani, amma bayan an tashi wasa

In ƙungiya ta ci, ka ce, "Na faɗa tun ranar Alhamis." In an lallasa ta, ka ce, "Na faɗa tun ranar Alhamis." Babu mai tuna abin da aka faɗa ranar Alhamis. Ka yawaita cewa an bar tsakiyar fili a buɗe, ka yi tsaki, ka ce 'yan wasan yanzu ba su da kishin riga. Ka kuma ƙirƙiro ciwon gwiwa da ya hana ka zama shahararren ɗan wasa, ka riƙa ɗingishi in an zo maganar. Yi ƙoƙari kullum ka ɗingisa ƙafa ɗaya, don Dris kan manta ya canza.

3. Bi ƙungiyarka ko'ina, daga cikin ɗaki

Kowa ya san wasan waje a wurinmu ƙetare teku ne, a kwana a jirgin ruwa a wayi gari a Almería ko Málaga. Dris kuwa sau ɗaya ya taɓa shiga jirgi yana saurayi, ya amayar da abincin jiya da na shekaranjiya tun ba a kwance igiya ba. Daga ranar ya yi rantsuwa, kuma wannan ce rantsuwa ɗaya da ya riƙe.

Ga yadda ake yi. Ranar Asabar da la'asar ka sa doguwar kwat, ka ɗauki akwati, ka ratsa babban titi kana gaisawa da ƙarfi.

"Aradu, sai Almería? A kawo mana tsaraba!"

"In teku ta bar mu da rai, ɗan'uwa! Aiki ne, ya muka iya?"

Ka shiga tashar jirgi ta babbar ƙofa, ka fice ta bayan kasuwar kifi, ka bi lungu zuwa gidan yayarka. Ta Dris sunanta Tlaitmas, tana da ɗakin ajiya a ƙarƙashin matakala, ba taga, an jingina katifu a ƙofa don kada wata ƙara ta shigo. Ka tanadi kaset na ihun 'yan kallo. Sai ka nemi wanda zai je filin a madadinka. Dris ya samu Buzian, mijin Tlaitmas ɗin, mai kula da riguna da takalman 'yan wasa, wanda ke zama a benci yana raɗa masa abin da ke faruwa ta waya. Buzian ya ce, "An buga, ta yi waje." Dris ya mayar da ita tsawa da ta shafi turke, ta tsinka zuciyar dubban mutane, har wani tsoho ya yar da hularsa a sahun gaba.

Ranar Litinin ka fito da akwatinka kana kukan ciwon baya, kana kushe abincin mutanen ƙetare.

4. Nemi wanda za ka ɗora wa laifi, na gida ya fi daɗi

Mai sharhi na gaskiya ba ya son kai, kuma hanya mafi sauƙi ta nuna haka ita ce ka yaga ɗan'uwanka a bainar jama'a. Golan Estrella shi ne Nordin, ɗan Tlaitmas da Buzian. Ranar da wata ƙwallo ta suɓuce masa, Dris ya gyara murya ya gaya wa gari kaf: "Yaron nan ɗan yayata ne, shi ya sa nake da bakin faɗa. Hannunsa rariya ne. Ko farantin kuskus ka miƙa masa, ta tsakanin ƙafafunsa zai wuce."

Sunan ya bi shi. A kasuwa Rariya, a masallaci Rariya, har uban yarinyar da yake nema ya tambaye shi ko zai iya riƙe mata.

"Kawu, me na yi maka?" in ji Nordin, idonsa ja wur.

"Aiki ne, yaro. In na ƙyale ka cewa za a yi ina rufa wa dangi asiri. Wata rana za ka gode mini."

Tlaitmas tana wurin tana yanka albasa, ba ta ce uffan ba. In yayarka mai faɗa ta yi shiru, ka ɗauka ta fahimce ka ne. Dris ma haka ya ɗauka.

5. Kada ka leƙa waje

Aka zo wasan ƙarshe na kaka, a Almería, wanda in Estrella ta ci za ta hau rukuni na sama, abin da ba ta taɓa yi ba. Don Anselmo ya kira Dris ya ce, "In ka kawo mini wasan nan yadda ya kamata, kujera taka ce har ka mutu. Nuria ta nemi wani aikin." Dris ya dafa ƙirji ya ce ko iyo ne zai yi ya ƙetare.

Ya yi kwat, ya yi akwati, ya yi kasuwar kifi, ya shige ɗakinsa. Bai daɗe da jan katifu ba iskar gabas ta taso, irin wadda ke jefa ruwan teku har kan titi. Aka rufe tasha, jirgi bai motsa ba, aka ɗage wasa. Buzian ya bugo wa matarsa ya ce ga su nan dawowa.

"Kada ku kuskura," in ji Tlaitmas. "Ku kwana gidan innarka, kai da yaron. Ƙanena yana Almería, ban son a tashe shi. Gobe kuma ka ba shi wasansa."

Ta kai wa Dris kwanon miyar harira da zafinta.

"Yaya, kamar ƙarar iska nake ji?"

"Injin wanki ne. Sha miyarka, gobe kana da babban aiki."

Darasin nan a fili yake. Gwani ba ya duba sama, ba ya kunna labarai, ba ya tambayar kowa komai, don tambaya ta masu koyo ce.

6. Yi wasan rayuwarka

Ranar Lahadi 'yan Estrella kaf suka taru a shagon shayin bakin tasha, da kociyansu, da rabin unguwa. Buzian ya je teburin Don Anselmo ya ce, "Maigida, ko kana sha'awar jin wasan yau?" Ya yi masa bayani a taƙaice. Don Anselmo ya daɗe yana juya cokali a kofi, sannan ya buga waya gidan rediyo ya ce a buɗe wa Dris layi. Aka ƙure rediyon shagon, sai ga muryar Dris.

"Jama'ar Melilla, barkanku daga Almería! Rana ta fito tarwai, ciyawa shar, ina jin ƙamshinta daga inda nake zaune!"

Ruwan sama na dukan gilashin shagon. Buzian ya kurɓi shayi, ya kare baki da hannu, ya fara raɗa wa Dris wasa ta waya. 'Yan wasa suka yi masa caa.

"Baba Buzian, ce na yanke mutum biyu!"

"Ni fa? Tun ɗazu ban taɓa ƙwallo ba!"

"Kai an ba ka jan kati, zauna."

Bayan hutun rabin lokaci Buzian ya ba abokan hamayya fenariti, ya kuma sa ɗansa ya kaɗe ta da yatsa.

"Nordin! Nordin! Hannun ƙarfe! Jinina ne! Na faɗa tun ranar Alhamis!"

Mutane suka riƙa faɗowa daga kujeru. Da lokaci ya zo ƙarewa ba wanda ya ci, Buzian ya ba Estrella bugun kwana, ya taso Nordin tun daga ragarsa, ya sa masa ƙwallon a ka.

"Ta shiga," ya raɗa.

A nan zan ajiye wasa in gaya maka gaskiya: Dris yana son ƙungiyar nan fiye da yadda ya taɓa son mutum. Tun yana yaro yake jiran wannan rana. Ihun da ya ja a ɗakin ajiyar nan, tsakanin buhun gari da tsohon keken ɗinki, da hawaye ya ja shi, kuma bai taɓa yin mai tsawonsa ba. Tsawonsa ya isa mutanen shago su biya kuɗin shayi, su ratsa kasuwar kifi, su hau lungu.

7. Sauko cikin mutunci

Ya yi sallama da masu sauraro, ya kashe kaset. Tafi bai tsaya ba. Ya sake danna maɓallin, tafin ya ƙaru. Sai ya janye katifa ya buɗe ƙofa.

Tsakar gidan a cike maƙil. Ga 'yan wasan da ya bari a Almería suna rungumar juna, a jiƙe sharkaf. Ga Buzian da waya a kunne. Ga Don Anselmo a ƙarƙashin lema, Nuria a gefensa tana kallon ƙasa. Tlaitmas na bakin kicin ta harɗe hannu.

"Kawu, sannu da hanya," in ji Nordin. "Ya teku?"

Aka kwashe da dariya. Don Anselmo ya miƙo hannu. "Makirufon, Dris."

Ya miƙa ba musu. Ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, hawayen bai bushe masa ba, ya tambaya da wata ƙaramar murya da ba mu san yana da ita ba:

"To, ba mu hau ba ke nan?"

Wannan kam babu wanda ya yi wa dariya.

Da iska ta lafa aka je aka buga wasan na gaske. Nuria ta shiga jirgi, ta zauna a filin, ta faɗi sunan kowa daidai, aka ci Estrella biyu da nema, ɗaya ta tsakanin ƙafafun Nordin. Ta iya aikinta, kujerar kuma tata ce har yau. Dris ya samu aiki a tashar jirgi, shi ke sanar da tashin jirage ta lasifika. In ka ji an ja "Almeríiiiia" har fasinjoji sun gama shiga ba a ƙare ba, shi ne.

Hattara

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da zai same ka, ko dishewar murya, ko korar aiki, ko gabar dangi. Bai san yayarka ba, bai san abin da ka yi wa ɗanta ba, kuma ba shi ke sarrafa iskar gabas ba. Wanda ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, ya kai kukansa tashar jirgi, taga ta kusa da lasifika. Sai dai kada ya je ranar da Estrella ke tafiya wasan waje, don ranar mutumin ba ya iya magana da kowa, yana tsaye a bakin ruwa har jirgin ya ɓace.