Mai Ƙosai Ta Zo Sayen Littattafai

"Ya ƙarin haƙuri, bawana?"

"Haƙuri sai ma'aiki, Rahama. Ya mutanen Kudan?"

"Suna gaishe ka. Sun ce in duba ko kana nan da rai."

Hamisu malamin makaranta ne a Makarfi, mutum mai cin littafi kamar tuwo. Duk gidan da aka yi rashi, shi ke zuwa ya yi bayanin haƙuri daga abin da ya karanta, har mu da ke gefe mu gaji. To ga shi matarsa Ummuhani ta rasu wajen haihuwa, an yi suna, an share makoki, bai yarda ya ɗora ido a kan jaririyar ba. Kowa ya yi magana ya gaji. Ranar ina zaune a wurinsa Rahama ta shigo da goyo, 'yar kawunsa ce kuma taubashiyarsa, ita ke shayar da yarinyar tare da nata ɗan.

"Ciniki ya kawo ni," in ji ta. "Littattafan nan zan saya. Takardar naɗe ƙosai ta yanke mini."

"Ke da ko sunanki ba kya iya karantawa sai an riƙe miki hannu?"

"Ni dai na iya cin abinci. Kai dubi wuyanka, kamar raken da aka tsotse."

"Wancan jan littafin, a kan juriya aka rubuta shi. Ya fi ƙarfin kaskonki."

"Da shi zan fara. Ko ba shi ka karanta mini ba da babana ya rasu? Ina kuka kana buɗe shafi. Na yi haƙurin, tun da ɗan mace ya ce in yi. Yanzu da abin ya zo kanka, wane shafi ka buɗe?"

Hamisu ya sunkuyar da kai. Wallahi na ji tausayinsa, na kuma ji haushin Rahama, don ba na tsammanin ko taubashi yana da wannan izinin.

"Na buɗe su duka," ya ce a hankali. "Babu wanda ya ce mini idan na kalli yarinyar zan ga fuskar Ummuhani."

"Wa ya ce maka da uwarta take kama? Ƙaton hancinka ta kwaso, baiwar Allah. Da shi muke ta fama."

Ta kwance goyon, ta dire masa yarinyar a cinya tun kafin ya janye, ta juya ta hau kwasar littattafai a zani.

"Rahama! Zo ki karɓe ta, za ta faɗi!"

"Hannuna da kaya."

"Ban iya ba, wallahi ban iya ba."

"Duk karatun nan? Tallafe kan da tafin hannu. Ba haka ba, shashasha, a ƙasan ƙeya."

Ya tallafe. Ya daɗe yana kallonta. Can sai dariya ta kuɓuce masa, hawaye na bin gemunsa.

"Ƙarya kike yi, mai ƙosai. Uwarta ce sak."

"To in mayar da ita Kudan?"

"Ɗauki jan ki tafi, na ba ki. Wannan kuwa ki bar mini ita sai ta yi kuka."