Bakan Kakarmu

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na je farauta a bayan garin Lyon ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta.

A biro, wato ofishinmu, abin ya faro, a Paris, muna cin abincin rana. Abokin aikina Thierry yana ta yabon babansa, Mushe Bernard (mushe na Faransanci, wato malam), tsohon mafarauci, sai bakina ya riga hankalina. Na ce ai mu ma a Damagaram gidan maharba ne, kakana da kwari da baka yake kayar da ɓauna. Hujjata guda ce tak: wani ɗan baka da na tashi ina gani rataye a ɗakin kakarmu. Ban taɓa tambayar kowa labarinsa ba, ni na ƙera masa tarihi da kaina. Har hotonsa ina da shi a waya.

Thierry ya kai wa babansa labari, baban ya aiko da gayyata. Dole na shiga neman permi, wato takardar izinin farauta. Ranar da aka fara ba mu bindiga a wurin horo, harbi ɗaya na yi ta doke ni a kafaɗa, kunnena ya kwana biyu yana kuka. Da ƙyar na ci jarrabawar, na kuma rantse ni da bindiga har abada. Baka zan riƙe. Amma ga Thierry cewa na yi, "Bindiga ta malalata ce. Kana can nesa, dabba ba ta ma san da kai ba. Mai baka kuwa sai ya matso har ya ji numfashinta." (A intanet na karanto wannan, da safen ranar.)

Matata Hadiza ta dube ni ina shirya jaka a gidanmu na Sevran, ta ce, "Malam, kai da ko ragon layya sai dai a yanka maka, kai ne za ka harbi barewa?" Na ce mata gado ne, ba za ta gane ba.

Da asuba aka ɗora ni kan wani ɗan dandali a bisa itace, ga sanyi, ga bakan zamani mai tayoyi da na aro. Mushe Bernard yana gefena da bindigarsa a kan cinya, ya ce yau ba zai taɓa ta ba, kallo ya zo yi. Hantsi bai yi ba sai ga barewar, irin tasu ta nan, ta kusa kai jaki girma, da ƙahoni kamar rassan itace. Ta tsaya ƙasa da mita ashirin. Ashe da gaske ana jin numfashinta. Matsalar ita ce ita ma tana jin nawa. Na yi bisimilla na ja, na saki. Tsirkiya ta tsula min bulala a dantse, kibiya ta kafe a jikin wani icce da bai yi min laifin komai ba. Barewa ta dube mu, ta yi tafiyarta ba gaggawa.

Na ce da gangan na yi, a gidanmu ba a kashe dabbar farko. Bawan Allah ya yarda!

Da a nan aka tsaya, da na tsira. Amma a wurin abincin rana, gaban mafarauta kusan goma da matansu, Mushe Bernard ya miƙe ya ba da labarin wannan kyakkyawar al'ada tamu, ya ce in nuna hoton bakan kakana. Waya ta zaga tebur. Wani ya ce bai yi ƙanƙanta ba kuwa? Na ce sirrin a dafin kibiya yake. Wane dafi? Wane icce? Sai Thierry ya ce a kira gida mana a tambaya.

Gwaggo Rabi, ƙanwar babana, na kira ta bidiyo da wayar Thierry. Abin da na manta shi ne shekara talatin ta yi tana koyar da Faransanci a lakwal, wato makarantar boko. Muka gaisa a gurguje, ta karɓe zancen da Faransancinta mai tsabta, murya a buɗe kowa yana ji. Mushe Bernard ya gaishe ta da girmamawa, ya tambaye ta bakan babban maharbi.

"Wane maharbi?"

Na kara hoton a gaban wayar Thierry don ta gani. Ta matso da tabarau, sai ta fashe da dariya har ɗankwalinta ya zame.

"Wannan ai bakan shiɓa ne! Na Inna ne, da shi take kaɗa auduga ta yi laushi kafin ta yi zare. Baba kuwa tela ne, Allah ya ji ƙansa. In za a yanka kaza, masallaci yake tafiya."

Sannan ta juyo da Hausa, don ni kaɗai: "Kai, ɗan nan, me ka je ka gaya wa Nasara?"

Tebur ya fashe da dariya. Mushe Bernard har da hawaye. Ni kuwa na dubi farantina kamar ban taɓa ganin dankali ba. Matarsa ce ta cece ni, ta karɓe wayar, wai kakarta ma ulu take kaɗi, suka yi rabin awa suna hira da Gwaggo.

Ran Litinin na tarar da ƙunshin auduga ta kyamis a kan teburina, da 'yar takarda: "Ga ganimar farauta."

Tun daga ranar, duk abin da na gani rataye a bangon gidanmu sai na tambayi manya kafin in kai shi Turai. In kuma zan yi cika baki, nakan fara tuna wa ke jin Faransanci a danginmu.