Barmani da Ƙyallen Sauke Tukunya

Mu biyu ne a gidan, ni da Barmani, sai akuya ɗaya mai ɗingishi. Barmani 'yar ƙanena ce marigayi. Shekarunta sun doshi arba'in. Ta yi aure uku, duka ukun an dawo mini da ita, kuma babu mijin da ya ce ta zage shi ko ta ɗaukar masa wani abu. Magana ɗaya suke yi: duk abin da aka ce ta yi, shi take yi. Wanda bai zauna da ita ba zai ɗauka yabo ne.

Ni Tabawa, saƙa na tashi na tarar ana yi a ɗakinmu. Masaƙata irin ta mata ce, wadda ake jinginawa a bango. A da, gwado nake saƙawa da majanyi, amma yanzu kowa bargon kanti yake so. Abin da ya rage mini shi ne ƙyallen sauke tukunya, ɗan ƙarami mai kauri, faɗinsa taƙi ɗaya, da zaren abawa. Layi huɗu baƙi, biyu fari, ja ɗaya a tsakiya. Masu tuya da masu abincin tasha ke saye, da shi muke cin tuwo.

Da damina ta faɗi, wan Barmani, Sallau, ya zo daga birni ya zauna a bakin ƙofata. Ya ce, "Gwaggo, kin tsufa. In kika faɗi, wa zai riƙe ta? Na samar mata gidan aikatau, wanke-wanke da shara."

Na ce, "Gidan wa?"

"Wasu mutane ne masu hali."

"Masu hali za su ce mata ta zubar da ruwa, ta zubar har da na randa, su dake ta. Ba za ta je ba."

Muka yi ta ja. Daga ƙarshe ya ce ya ba ni zuwa kasuwar farko bayan an yanke gero. In ta saƙa abu da hannunta, baƙon ido ya gani ya saya, ta zauna. In ba haka ba, ranar zai tafi da ita. Na ce na ji. Na sa aka saro gwangwala, aka kafa mata masaƙa kusa da tawa.

Wata rana na zaunar da ita na ce, "Ba ni da bakin dogon bayani. Ki dube ni. Duk abin da kika ga na yi, ki yi." Ta ce, "To, Gwaggo." Na wuce da zare, ta wuce da zare. Na ɗauki akwasha, itacen da ake dukan zaren da shi ya zauna, na daka, ta daka. Har na fara jin sanyi a raina. Can tari ya taso mini, na yi. Sai na ji tari a gefena. Na dafa gwiwa na ce wash, ta dafa tata ta ce wash. Na kori ƙuda, ta kori ƙudan da babu shi. Na ce a raina ba komai, in dai hannun yana tafiya. Wajen la'asar na lura na yi kuskure, na sa baƙi biyar maimakon huɗu, sai na warware layi bakwai don in gyara. Na waiwaya, na ga Barmani tana warware nata, wanda babu abin da ya same shi.

"Ke! Me ya sami naki?"

"Babu komai, Gwaggo."

"To don me kike warwarewa?"

"Na ga kin warware."

Na ɗora hannu a ka. Ta ɗora nata.

Wata rana, bayan hannunta ya fara faɗawa, na ce bari in koya mata yadda ake gane aikin kirki. Na ɗaga ƙyalle ɗaya sama na ce, "Kin ga, ana ɗaga shi a rana. Duk wanda kika ga haske ta cikinsa, bai daku ba, zafi zai ratsa shi ya ƙone hannun mutane. A warware shi a sake." Na tafi gaisuwar mutuwa a unguwar maƙera. Da na dawo na tarar da tsakar gida kamar an yi shekara ana kaɗi, zare ko'ina, akuya tana tauna wani. Barmani tana zaune tana naɗe ƙullin abawa, fuskarta fes. Ashe kwandona ta jawo, wanda na tara aikin mako uku a ciki. Goma sha huɗu ne. Ta warware tara.

"Wa ya ce ki taɓa nawa?"

"Kin ce duk wanda na ga haske."

"Naki fa?"

"Nawa babu haske, Gwaggo."

Na fizgi nata na ɗaga. Babu haske, ko na ƙwayar gero. Na ɗauki ɗaya cikin biyar ɗina da suka tsira, na ɗaga shi da kyau, sai na ga shi ma da ƙyar ya tsira. Shekara hamsin ina dukan zare, ban san ranar da ƙarfin ya bar kafaɗata ba. Ban ce mata ta yi daidai ba. Na ce ta kori akuyar, na shiga ɗaki na kwanta, ban ci tuwo ba.

Wata rana Yalwa mai ƙosai ta shigo da wani tsohon ƙyalle da na saƙa mata tun shekarar da aka haƙa rijiyar masallaci. Ya sha wuta, gefe ɗaya ya ƙone, tsakiya ta huje, mai ya jiƙa shi har launin ya ɓace. Ta ce guda shida take so. Na ce Barmani ce za ta yi. Yalwa ta taɓe baki ta ce, "Iya, ni dai irin wannan nake so sak, kada a canza mini komai." Na juya na ce wa Barmani, "Kin ji dai. Sak." Kwana biyar ta yi a kansu, kuma wallahi ban taɓa ganin layi ya miƙe kamar nata ba. Na ce a raina, to, ga mai saye an samu tun gero bai fitar da kai ba. Ranar da Yalwa za ta zo karɓa, na fito daga wanka na ji ƙauri. Na leƙa madafa, na tarar da Barmani a tsugune da garwashi a bakin wuƙa, ta shimfiɗa tsohon a gefe tana aunawa da yatsa. Ta riga ta gama da biyar. Kowanne ta ƙona shi a gefen hagu daidai inda na Yalwa ya ƙone, ta shafe shi da man gyaɗa, ta murza shi a gindin tukunya.

Yalwa ta shigo ta tsaya. Ta ce, "Iya, wannan sababbi ne ko daga juji aka tono su?"

Barmani ta ce, "Saura ɗaya, Yaya Yalwa, ki ɗan zauna. Ramin nan na tsakiya ne ke ba ni wahala."

Yalwa ta ɗauki tsohon kayanta ta fita. Tana dariya har zaure, kuma kafin azahar duk unguwa ta ji.

Wata rana, gero ya riga ya fara ja, ta gama guda takwas masu kyau. Na hana ta zuwa kusa da garwashi. Na ce, "Ba a kai wa mutane abin da ba a gwada ba. Kowanne ki sauke tukunya mai zafi da shi, ki ji ko zafin ya ratso." Na kishingiɗa, don gwiwar ta matsa mini. Ta sauke tukunyarmu da na farko. Saura bakwai, kuma tukunya ɗaya gare mu a kan wuta. Ni da na san wadda nake zaune da ita, da sai in ce ta mayar ta sake saukewa. Ban faɗa ba. Barci ya ɗauke ni, hayaniya ta tashe ni. Mata bakwai a tsakar gidana, wata da muciya a hannu. Ashe gida-gida ta bi. Ta yi sallama, ta wuce madafa, ta sauke tukunyar mutane ƙasa, ta duba tafin hannunta, ta ce, "Bai ratso ba," ta fita.

Matar liman ta ce, "Iya Tabawa, talge na sa fa! Na shiga ɗauko gari, na fito na tarar da tukunya a ƙasa, kaji a kai!"

Kuluwa ta ce, "Ni wake ne, ya sandare. Ki zo ki gaya wa maigidan da bakinki."

Barmani ta ce, "Na Inna Kuluwa ya fi duka zafi, Gwaggo. Shi ma bai ratso ba."

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, ni da ban saba ba kowa haƙuri ba. Takwas ɗin nan a nan suka ƙare, don kowace na ba ta ɗaya na toshe bakinta, matar liman biyu. Na gaji ƙwarai. Na fara tunanin ko Sallau ne mai gaskiya, sai in hango wata baƙuwar mata tsaye a kan Barmani da bulala, in tashi in sake yin wadari, wato jera zaren tsaye na sabuwar saƙa.

Wata rana aka wayi gari an yanke gero, saura kwana shida kasuwa. Zazzaɓi ya kwantar da ni, ba na iya zama a gabanta. Daga kan gado na ce, "Ki saurara. Hannu biyu ake sauke tukunya, saboda haka bibbiyu ake sayar da su, ɗaya na dama ɗaya na hagu. Kada ki kuskura ki raba su, ko wa ya ce ki raba." Ta ce, "To, Gwaggo." Ina jin ƙarar akwasha kullum, ban ga aikin ba. Ranar kasuwa Sallau ya iso da jakar da zai zuba mata kaya a ciki. Na ɗaure kaina da ɗankwali, na dogara sanda, muka tafi tasha mu uku, Barmani da ƙunshi a ka.

A gaban rumfar Ladidi mai shinkafa da wake na ce wa Barmani ta kwance. Ladidi ba 'yar garinmu ba ce, sabuwar zuwa ce, ba ta san mu ba. Barmani ta kwance, ta ɗaga ɗaya, sai ɗan'uwansa ya biyo shi yana lilo. A kan wadari ɗaya ake saƙa su, ɗaya bayan ɗaya, in an gama a yanka tsakani a ƙulle bakin. Ita ba ta yanka ba. Ta saƙa wani siririn abu kamar ɗamara, kamu ɗaya da rabi, ya haɗa na dama da na hagu. Duka haka suke.

"Barmani, mene ne wannan?"

"Kin ce kada in raba su."

"Wannan igiyar fa?"

"Da na bar su a manne, na ga in hannu ɗaya ya kama kunnen tukunya, ɗayan ba zai kai ɗaya kunnen ba. Sai na yi musu hanya."

Sallau ya sauke numfashi ya ce, "Gwaggo, kin gani da idonki. Mota tana lodi."

Ina neman inda zan zauna, sai tukunyar Ladidi ta tafaso, wata ƙatuwa, kumfa yana zuba a wuta. Ta shiga juye-juye tana faɗa da 'yan rumfarta. "Ina ɗaya tsumman? Kullum sai ɗaya ya ɓace! Cinye su kuke yi?" Ba ta tambayi kowa ba, ta fizgi na hannun Barmani, ta kama kunnuwan tukunyar ta sauke. Ɗamarar ta kwanta a jikin tukunyar, tsakaninta da cikin Ladidi. Ta ajiye, ta tsaya tana duban abin. Ta shafa gaban zaninta. Sannan ta rataya shi a wuya kamar carbi, ta ɗauki ludayi ta zuba wa wani direba abinci, hannuwanta biyu a sake.

Ta ce, "Iya, wa ya yi wannan?"

Na nuna Barmani da sanda.

"Baiwar Allah, nawa kika kawo?"

"Huɗu. Amma ba a rabawa."

"Wa ya ce ki raba? In kika raba ba na so."

Ta ɗauki uku. Mai waina ta maƙwabciyar rumfa ta miƙo hannu ta ɗauke na huɗun, suka fara cacar baki a kai. Ladidi ta ce kasuwa mai zuwa a kawo mata biyar, a ƙara wa ɗamarar taƙi ɗaya saboda babbar tukunya. Na ce wa Barmani, "Taƙi ɗaya na hannunki, ba na hannun kowa ba, kuma sau ɗaya." Ta ce to.

Sallau ya daɗe tsaye, jakar a hannu ba komai a ciki. Yaran mota suna ta kiran birni. Ya naɗe jakar ya cusa a hammata, ya dube ni ya ce, "Gwaggo, ke kika koya mata wannan?"

Na so in ce ni ce. Amma ban taɓa yin ƙarya don a yabe ni ba, ba kuma zan fara da furfura ba.

Na ce, "Ni bibbiyu na ce. Je ka hau motarka."

Ya tafi shi kaɗai. Barmani ta ɗauki ƙyallen ƙunshin ta yafa, ta tsaya tana jira in gaya mata abin da za ta yi. Na daɗe ina auna maganar a bakina, ina juya ta ta kowane gefe, kafin na ce, "Mu je gida. Namu."