Bukkar Garwa a Bakin Tabki

Shekarar da aka samu ƴancin kai na kafa bukkar kamun kifi a bakin tabkinmu. Kawuna ya kawo mini zana, na ce, "Kawu, zamanin ciyawa ya wuce." Na fasa garewanin kananzir na lulluɓe ta tsaf, tana walƙiya, makiyaya na tsayawa kallo.

Da azahar na shiga in kishingiɗa kamar wani kwamanda. Don tsabar zafi, ban san sanda na fito a guje na faɗa tabki ba, gaban mata masu wanki.

Bukkar ta yi rana, domin matata a ciki take busar da kifin da take kaiwa kasuwar Gangara. Ni kuwa, duk inda Kawu ya gan ni sai ya taɓa kafaɗata ya ce, "Ka gasu, ko a juya ka?"