Rasuwar Randar Inna Kaltume ta Unguwar Fadama

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Inna Kaltume, matar Daudu masaƙi, tana sanar da 'yan'uwa da dangi na Kazaure da Roni da Gwiwa rasuwar randarta, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Laraba da hantsi, sakamakon ruwa.

Marigayiyar 'yar asalin Roni ce. A kan jaki ta zo cikin kayan auren Kaltume, an naɗe ta da tabarma kamar amarya ta biyu. Tun da aka girke ta a gindin ceɗiyar tsakar gida ba ta taɓa leƙa zaure ba. Ba ta hana kowa ruwa ba, har maƙwabcin da ake gaba da shi. In aka juye mata tulu sai ta ce "bul-bul-bul", in moda ta taɓa gindinta ta ce "ƙwal", iyakar ƙorafinta ke nan.

Ciwon ajalinta ya soma ne shekarar da fatake suka yi yawa a gari, dagaci ya yanka musu filaye a bakin rafi. Gidaje suka tsiro inda ake shuka rake. Daga ƙarshe ɗaya daga cikinsu, Hussaini Maikasuwa, ya ja katangarsa ta datse kwarin da ruwa yake bi tun kaka da kakanni. Kaltume ta yafa mayafi ta same shi.

"Maikasuwa, ruwan fa ta ina zai wuce?"

"Inna, ruwa ai ba yaro ba ne," in ji shi. "Zai nemi hanyarsa."

Ya nema kuwa. Da ruwan Laraba ya sauko daga duwatsu, ta ɗakin Kaltume ya bi. Ita da Daudu suka haye kan rumbu da akuya ɗaya. Daga can sama Kaltume tana kallo randar ta yi girgiza, ta tashi daga gurbinta, ta bi ta zaure a tsanake, faifanta a ka. Kaltume ta yi ta kiranta, ba ta waiwayo ba. Shaidu sun ce ta zaga unguwar kaf, ta tsaya jim a ƙofar dagaci, sannan ta miƙe ta yi karo da katangar Maikasuwa. Kalmarta ta ƙarshe "fus". Katangar ma ba ta kai la'asar ba.

Ta rasu ta bar moda ɗaya, da tuluna biyu marayu, da wani kwaɗo da ya shekara bakwai a ƙarƙashinta, wanda har yanzu bai ce komai ba.

An tsinto gutsattsarinta a gonar maƙwabcinsu Halliru. Jana'iza gobe da safe a kan tudu, in dattawa sun gama gardamar abin da za a rufe ramin da shi, tunda da fasassun tukwane ake rufe na mutane, kuma Kaltume ta ce ba za a fasa wata don tata ba.

Zaman makoki a gindin tsamiyar tudu, domin gidan yana nan a ƙarƙashin ruwa. Maza su naɗe wando. Duk mai zuwa ta'aziyya ya taho da ruwan shansa.