Sammun da Na Karya a Ɗakin Laminu

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ko da na manta yawan jikokina. Ni dai a unguwarmu ta Dakoro an san ni da ido. In mace ta tsinci ƙulli a bakin ƙofa, ko akuya ta ƙafe ba dalili, ni ake kira. Har daga Korahane an taɓa aiko mini da amalanke. (Na faɗi wannan ne don ku san daga inda na faɗo.)

Jikana Laminu mushe ne, lissafi yake koyarwa a kwalej. Mutum da gemunsa, sai ya sayo wata tsohuwar na'urar wasa ta jonawa da tele, wato talabijin, wadda ko yara sun daina waiwaya. Wai zai haɗa wasa na kansa, makiyayi yana kai raƙuma rijiya. A odinata, wato kwamfuta, yake rubutawa, to ita sabuwa ce, na'urar kuwa tsohuwa, wasan ba ya wucewa daga wannan zuwa waccan sai da wani ɗan abu a tsakani. Adaftate, in ji shi. Wata uku ya yi yana jiran a aiko masa shi daga ƙasar waje, kuma ranar Asabar zai kai wasan Maradi, taron masu irin haukarsa. Duk ya gaya mini. Ni ina tsinkar zogale ina cewa to, ban ko ɗaga kai na ga abin ba.

Abin da na gani shi ne ya rame, ya rufe kansa a ɗaki yana yi wa tele faɗa.

Ranar Talata ya tafi lakwal koyarwa, na shiga yi masa shara. A saman ƙofa, cikin gwangwanin madara, na iske wani ɗan allo kore, faɗin yatsu biyu, da igiyoyi ja da baƙa da fara. An naɗe shi da takarda, an zana mata gida-gida, kowane gida da lamba. Ban yi boko ba, amma na san hatimi. Ga shi kuma a saman ƙofa, inda yake ratsawa safe da yamma.

Da na yi shiru da abin ya zo da sauƙi. Sai na leƙa katanga na kira maƙwabciyata Dije, Dije ta kira rabin unguwa.

"Ku duba," na ce musu, "wanga aikin gwani ne. Ja na jini, baƙa ta ɗaure baki, fara likkafani. Haƙoran nan ku ƙirga, tara ne. Shekara tara aka so ya yi a ɗaki."

"Yaya, ko mu jira shi ya dawo?" in ji Dije.

"Wanda aka yi wa ne zai gane? Shekara nawa kike ganin ina wanga aiki?"

Kun san yadda ake karya sammu, ba sai na buɗe baki ba. Na ɗauki tsohon kasko na zaga bayan gida. Na dawo na dire shi a tsakar gida, na tsoma allon a ciki, mata na ta sa mini albarka.

Da azahar Laminu ya shigo. "Amarya, biki ake ban sani ba?" (Haka yake kirana, ni kuma in ce masa maigida.)

"Maigida, yi godiya ga Allah, an kwance ka."

Ya leƙa kasko. Ya daɗe yana kallo.

"Kaka," ya ce. Amarya ta koma Kaka ke nan. "Wanga ruwan mi ne ne?"

Dije ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

Ya ɗauki takardar a ƙasa. "Hatimin nan ni na zana, don in tuna wace waya ke shiga wane haƙori. Saman ƙofa kuma, awakinki ne suka cinye mini takardar farko."

Wallahi na so amalanken Korahane ya zo ya ɗauke ni a lokacin.

Da tsinke biyu ya ciro abin, ya wanke da alkol, ruwan nan na wanke ciwo, ya shanya a faifai. Kwana biyu ina zaune a rana ina gadin faifai, ina korar kaji. Duk matar da ta wuce sai ta leƙo ta ce, "Yaya, ya mai jiki?"

Ranar Juma'a ya jona. Ina bakin ƙofa, na karanta duk abin da na sani. Wata 'yar fitila ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, sai ga raƙumi a tele yana tafiya. Laminu ya juyo ya ce, "Amarya, ashe naki ba ya kisa."

Ya je Maradi ya dawo lafiya. Amma ya ƙara abu a wasan: wata tsohuwa mai kasko tana bin makiyayi, in ta cim masa wasa ya ƙare. Matan da ke sa mini albarka su ne yanzu ke layi su ga yadda nake gudu.

Har yau ana kirana in an tsinci ƙulli, kuma ina zuwa, ido dai yana nan. Sai dai kafin in nemi kasko, nakan tambaya ko akwai mai odinata a gidan.