Zafin Saduwa a Zauren Mai Gari

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar cikin daminar bara, da hantsi, a zauren mai garin wani ƙauye da ke bayan Roni. Akwai mai gari da liman da Ardon makiyaya, manoma sun cika tabarmi, sai kawunmu, sai ni da ƙanwata Hauwa.

Hauwa injiniyancin sinadarai take karantawa. Kududdufin garin ne ya kai mu, inda ake wanke injin feshi bayan an yi wa gona maganin ƙwari, nan kuma shanu ke sha. Izini take nema ta riƙa ɗibar ruwan har ƙarshen damina, ta gwada hanyar cire maganin daga cikinsa. In aka hana ta, bincikenta sai wata shekara. Kuma an taɓa korar wasu da suka zo da kwalabe babu sallama.

"Yaya, kai za ka gabatar da ni," in ji ta. "Bakinka ya fi nawa."

(Na daɗe ina karanta labarai a rediyo, kuma ban taɓa barin kowa a gidanmu ya manta ba.)

A hanyarmu daga Kazaure ta yi min bayani. In aka haɗa ruwa iri biyu, wani haɗin ya ɗau ɗumi, wani ya yi sanyi, auna wannan ne ke nuna mata sinadarin da zai fi janye maganin daga ruwa. Ta faɗi sunan abin da Turanci, na ce ta bar min fassarar. "Gauraya" na ga ta yi kama da damun fura. "Haɗuwa" kuma maganar 'yan tasha ce. Sai na ɗauko kalmar da nake buɗe shiri da ita kullum: barkanmu da sake saduwa.

Bayan gaisuwa na gyara zama, na gyara murya.

"Ranka ya daɗe, wannan yarinya da kuke gani, tun da ta shiga jami'a ba abin da take bincike a kai sai zafin saduwa."

Zaure ya yi tsit. Na ɗauka kwarjinina ne, sai na ƙara:

"Kuma da kanta take gwadawa. Ta zo ne a ba ta dama ta ci gaba a garinku."

Liman ya ja salati. Kawu ya zuba wa takalminsa ido. Hauwa ta ja mayafi har haɓa.

"To," in ji Ardo, "ko dai ba mu gane ba, ko mun gane da yawa."

A nan kalmar ta dawo min da ɗaya ma'anar tata, ta ɗakin ma'aurata.

Mai gari bai ko murmusa ba. "Malam na rediyo, sha ruwa. 'Yata, faɗa mana da bakinki, da Hausar gida."

Hauwa ta roƙi kwanon ruwa da ɗan takin yuriya. Ta zuba, ta motsa, ta miƙa masa. "Baba, tsoma hannu."

"Kai! Kamar daga randa."

"Gauraya ce kawai, Baba. Wata sanyi, wata zafi. Shi nake aunawa."

"Ashe gauraya ce," in ji mai gari. "Alhamdu lillahi."

Sai a lokacin dariya ta samu izinin fita. Da ta lafa, Ardo ya ce maruƙansa sun sha yin zawo in sun sha ruwan nan, shi kam ya goyi baya.

Har yau ina yi wa mai garin nan addu'a. Da shi ya fara dariyar, ko ya murtuke, da mun koma Kazaure da kwalabe wayam, kuma ni ne sila. Tun daga ranar, duk kalmar da ta yi min kyau fiye da kima sai na gwada ta a kunnen Kawu tukuna.

Hauwa ta ɗebi ruwanta har aka yanke gero. Ni kuwa a kasuwar Roni Malam Saduwa ake kirana, kuma ina amsawa.